Wa Ya "Cinye Katsina" a 2023? Lissafin da Majalisunmu Suka Ƙi Yi

Akwai wata magana da ta ƙi mutuwa a ƙasar Daura. In aka zauna majalisa bayan la'asar, ko a teburin mai shayi, ko a rumfunan kasuwar Mai'aduwa, aka ɗauko zancen zaɓe, ba a daɗewa sai wani ya ce: "Ai mu nan Atiku ne ya cinye jiharmu, amma ga Tinubu can a fadar shugaban ƙasa. To ina amfanin bin layi? An riga an rubuta." Wani kuma ya karɓe da cewa duk wanda ya dangwala wa tsintsiyar APC a Katsina asarar tawada ya yi, tunda jihar ta faɗi. Maganar ta tashi daga majalisa ta shiga WhatsApp, kuma yanzu da ita matasa ke kafa hujjar ƙin zuwa karɓar katin zaɓe. Gaskiya ta ishe ni, domin alƙaluman da za su kashe ta ba a ɓoye suke ba.

Ga abin da hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023 a Jihar Katsina: Atiku Abubakar na PDP ya samu ƙuri'a 489,045, Bola Tinubu na APC 482,283, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP 69,386, Peter Obi na LP 6,376. Tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu ƙuri'a 6,762 ce, a jihar da ke da masu rajista sama da miliyan 3.5. Wannan ita ce "cinyewar" da ake ta yi wa kirari.

Mu ba Amurka ba ne. A can ne, a kusan dukkan jihohi, wanda ya zo na farko yake kwashe wakilan jiha baki ɗaya, na biyu ya tashi hannu rabbana ko da ƙuri'a ɗaya aka fi shi. Sashe na 134 na tsarin mulkinmu abu biyu ya nema: ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a in aka tattara na ƙasa duka, sannan ya samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Babu inda aka ce a ƙirga jihohin da mutum ya zo na farko. Da haka ake yi, da rigima ta kaure a 2023, domin Tinubu jiha 12 ya zo na farko, Atiku ma 12, Obi 11 da Abuja, Kwankwaso kuma Kano kaɗai. Abin da ya raba gardama shi ne jimilla: Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687.

To mai cewa ƙuri'ar tsintsiya ta faɗi ƙasa banza a Katsina, ya saurara. Jihohi ukun da suka fi ba Tinubu ƙuri'a a duk Najeriya su ne Legas (572,606), Kano (517,341) da Katsina (482,283), kuma dukkansu ukun bai zo na farko a cikinsu ba. Obi ne ya doke shi a Legas, Kwankwaso a Kano, Atiku a Katsina. Oyo da ya lashe, 449,884 ta ba shi, ba ta kai tamu ba. Ke nan jihar da ake cewa ta yar da shi tana cikin ginshiƙan da suka ɗora shi. Haka shi ma wanda ya dangwala wa lemar PDP: ƙuri'arsa ta shiga jimillar Atiku, ta kuma taimaka masa ya haye kashi 25 a nan. Babu ƙuri'ar da aka zubar don jiha ta karkata wani wuri. Wanda ke da ƙorafi a kan yadda aka tattara sakamako yana da damar yin sa, kuma an je har Kotun Ƙoli wadda ta yanke hukunci a Oktoban 2023, amma wannan zance daban ne da cewa zuwa na farko a Katsina ya isa ya ba mutum mulki.

Sai ɗaya rabin tatsuniyar, wai Katsinawa da Daurawa sun yi ƙaura gaba ɗaya zuwa PDP don su huce haushinsu a kan Marigayi Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa. Mu ɗauko alƙalami. A 2015 Buhari ya samu 1,345,441 a jihar, Goodluck Jonathan 98,937. A 2019 ya samu 1,232,133, Atiku 308,056. Wato daga 2019 zuwa 2023 APC ta yi asarar ƙuri'a kusan 750,000. PDP kuwa 180,989 kacal ta ƙaru da su. Ka haɗa musu da na Kwankwaso da na Obi, za ka samu wajen 257,000. Ina sauran kusan rabin miliyan? Ba su je wurin kowa ba. Suna gida, suna gona, suna kasuwa, wasu suna layin banki. Mutum biyu cikin kowane uku masu rajista ba su leƙa rumfar zaɓe ba a wannan rana. In akwai wanda ya cinye Katsina a 2023, to zaman gida ne.

Hujjar da ta fi burge ni ta zo bayan mako uku. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris, Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya samu 859,892, Yakubu Lado Ɗanmarke na PDP ya samu 486,620. Dubi ƙuri'ar PDP: ba ta motsa ba, 2,425 kawai ta ragu. Ta APC ce ta yi tsalle da sama da 377,000. Mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba. Da katinsu a aljihu tun watan Fabrairu, sun ga dama ne a Maris suka fito. Ko a ranar 25 ga Fabrairun ma, an daina "sak" an koma wake da shinkafa: jihar da ta ba Atiku rinjaye ita ce ta ba APC kujerun sanata duka uku, ciki har da ta shiyyar Daura, inda Nasiru Sani Zangon Daura ya kayar da Ahmad Babba Kaita da ya koma PDP a 2022. In da an riga an rubuta, wane marubuci ne zai rubuta wa jam'iyya mai mulki faɗuwa a jihar shugaban ƙasa mai ci a lokacin?

Dalilan sanyin jikin masu zaɓe a watan Fabrairu kowa ya san su: Buhari ba ya kan takardar ƙuri'a a karon farko tun 2003, canjin kuɗi ya sa mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na mota, 'yan bindiga sun tagayyara Batsari da Jibiya da Faskari, ciwon rufe iyaka na 2019 bai warke ba a Kwangwalam, ga kuma na'urar BVAS da ta tsaurara tantancewa.

Inda ya kamata haushinmu ya sauka, ba ma kallon wurin. Kafin takardar ƙuri'a ta iso rumfar zaɓe, an riga an tace sunayen da ke kanta a zaɓen fid da gwani. A babban taron APC na watan Yunin 2022 a dandalin Eagle da ke Abuja, kowace ƙaramar hukuma deliget uku ta tura. Katsina mai ƙananan hukumomi 34 ta tura 102. Masarautar Daura kuwa, da Daura da Ɓaure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, mutum 15 ne suka wakilce ta, ba su cika motar haya ɗaya ba. A PDP abin ya fi haka ƙanƙanta, deliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma. Sashe na 84 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya bar zaɓaɓɓun deliget kaɗai, don haka shi kansa shugaban ƙasa da gwamnoni ba su kaɗa ƙuri'a a taron ba. A taron APC, daga hannun waɗannan tsirarun deliget na ƙasa duka, Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Amaechi, a tuna, a watan Fabrairun shekarar aka naɗa shi Ɗan Amanar Daura, amma rawani ba ya dangwala ƙuri'a. A PDP, ranar 28 ga Mayu, Aminu Tambuwal ya janye wa Atiku a zauren taro, Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237.

A gida ma haka. Fatuhu Muhammad, ɗan'uwan Buhari na jini kuma ɗan majalisar tarayya mai ci a lokacin na Daura da Sandamu da Mai'aduwa, ya sha kaye a hannun Aminu Jamo a zaɓen fid da gwani, ya bar jam'iyyar daga baya. Dakta Mustapha Inuwa, tsohon Sakataren Gwamnatin Jiha, ya rasa tikitin gwamna ya koma PDP da jama'arsa. Duk wanda ke neman inda wani kaso na waccan ƙaruwar 180,989 ya fito, ya fara dubawa daga irin wannan ɓaraka.

Tambayata ga mai ƙorafin majalisa: ka san sunan deliget ko ɗaya daga cikin ukun da suka tafi Abuja da sunanka? Ka san ranar da aka zaɓe su, da inda aka yi? Yawancinmu sai mun ga wani ya dawo da sabon babur sannan mu gane deliget ne.

Saboda haka ga abin yi. In kana da jam'iyyar da kake so, je ofishinta na gunduma ka yanki kati, ka tabbata sunanka ya shiga rajista da idonka, ba saƙo ba. Ko 'yar tinƙe za a yi ko masalaha, daga wannan rajistar ake farawa, kuma wanda ba ya cikinta ba shi da bakin magana. Ka tambayi ranar taron gunduma ka halarta. In aka ce an yi masalaha, ka tambaya su wa suka zauna. Katin zaɓe kuwa, wanda ya cika shekara 18 ya yi rajista da zarar an buɗe, wanda ya sauya gari ya nemi a mayar masa da rumfarsa, kada ya sake sabuwar rajista, domin rajista biyu laifi ne kuma na'ura na kama ta. Idan aka liƙa sunaye don dubawa, a je a duba. Magidanta, ku bar iyalinku su je su karɓi nasu, domin ba a karɓar wa wani. Kada kuma ka miƙa katinka ko lambarsa ga mai cewa zai sa ka a jerin tallafi.

Ranar zaɓe ka fita da wuri. Duk wanda ke kan layi kafin ƙarfe biyu da rabi na rana sai ya yi zaɓe, ko da dare zai yi. BVAS za ta duba yatsanka, in ya ƙi ta duba fuskarka. Ka dangwala cikin akwatin alama ɗaya, ka bari tawadar ta sha iska kafin ka naɗe, don kada ta ɓata wani gurbin a soke ƙuri'ar. Kada ka ɗaga ta ka nuna wa kowa. Na san za a ce ai Baba Buhari ma ya nuna tasa a rumfar Sarkin Yara a 2023. Ya nuna, amma doka sirri ta ce, kuma mai raba taliya da atamfa da wannan nunin yake tabbatar da cinikinsa.

Bayan ka jefa, kada ka wuce gida. Ka koma gefe ka jira ƙirga. Malamin zaɓe zai zazzage akwati a gaban jama'a, ya ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, ya ɗaga kowace yana ƙirgawa da ƙarfi, ya cike takardar sakamako ta EC8A, ejan-ejan su sa hannu kowa ya karɓi kwafinsa, a ɗauki hotonta da BVAS, a liƙa sakamako a bango. Ka ɗauki hoton abin da aka liƙa da wayarka, ka rubuta lambar rumfar a jikinsa. In alƙaluman suka canza kafin su isa cibiyar tattarawa ta gunduma, wannan hoton da kwafin da ke hannun ejan su ne abin da lauya zai fara nema.