Namun Fadama: A Bar Musu Wurin Kwana

Kwanakin baya mun zauna da dattawan ƙungiyar manoma a Ɗan Isa, muka tambaye su yaushe rabonsu da ganin kwanta-rafi. Sai suka yi shiru. Samarin da ke wurin ba su ma san kamanninta ba. Dabba ce ja-ja, danginsu ɗaya da barewa, takan wuni kwance cikin doguwar ciyawa a bakin ruwa. Daga nan ta sami sunanta.

A dā fadamun kogin Gagare da na Bunsuru, daga Kaura Namoda har Zurmi da Shinkafi, gida ne ga namun daji iri-iri. Gada da gyado sukan sauko shan ruwa. Akwai guza da tunku, ga dinya da kirinjijiya a tabki, ga gauraka tana sheƙa cikin ciyawa da damina. Farin 1973 da na 1984 sun busar da tabkuna da yawa, amma kada mu ɗora wa fari laifin duka. Mu ne muka nome fadama har bakin ruwa. Mu ne muke cinna wa ciyawa wuta da rani don neman gafiya ɗaya. Waɗansu kuma sun zuba maganin ƙwari a tabki don kama kifi, suka kashe manya da ƙanana.

Wani zai ce, ina ruwan manomi? Da ruwansa ƙwarai. Shamuwa da balbela suna cinye fara. Tunku da mujiya suna rage ɓeraye. In suka rasa maɓoya suka tafi, ɓera ya sami sarari a gonar shinkafa da cikin rumbu. Ciyawar nan kuma ita ce ke riƙe gaɓar kogi. Inda aka ƙone ta, ruwan farko yakan zaftare ƙasa, yashi ya binne gona.

Mun sani gyado yana ɓarna a gonar rogo da dankali. Maganinsa shinge da tsaro, ba ƙona fadama duka ba.

Ga shawararmu ga kowace ƙungiya: a bar ciyawa kamar taku goma tsakanin gona da ruwa, kada a nome, kada a ƙone. A daina farauta da damina, lokacin da dabbobi ke da ƙananan 'ya'ya, tsuntsaye kuma na kan ƙwai. A hana zuba guba a ruwa. Ku kai maganar gaban mai unguwa da sarkin ruwa, a haɗa da makiyaya da masunta, gama fadamar ta kowa ce. In kun yi taronku na wata, ku aiko mana da abin da kuka yanke.