Me Ya Sa Ake Sabunta Littafin Jagorar Manhajar Umarni?

Ɗalibin kwamfuta daga Ruwan Gizo da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, Talata Mafara, ya san baƙin allon nan da ba a danna hoto, sai dai a rubuta umarni. In ya manta yadda ake amfani da manhajar Git, sai ya rubuta git help, jagora ta bayyana.

Al'adar rubuta irin wannan jagora ta samo asali ne daga Amurka. A 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie na Bell Labs suka fitar da littafin jagorar manhajar Unix na farko, wanda ya haifi shafukan jagora da ake kira man. Kowane shafi na kawo sunan umarni, tsarin rubuta shi, zaɓuɓɓukansa, wani lokaci har da misalai.

To, manhaja ba ta tsayawa wuri ɗaya. Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005, amma sai a 2019 aka ƙara mata git switch da git restore, don rage wa git checkout nauyi. Wanda ke riƙe da tsohuwar jagora ba zai san da su ba.

Shi ya sa masu kula da manhaja ke gyara jagora a lokacin da suka gyara manhajar: su gwada kowane misali, su cire zaɓin da aka soke, su rubuta lambar sigar. Kafin ka bi umarni, rubuta git --version ka tabbatar jagorar ta dace da taka sigar.