Yadda ake jinyar karya bayan tiyatar hana haihuwa

A ƙauyukan Kafin Hausa da sauran garuruwan fadamar Kogin Haɗeja, ba a kiwon kare don ado. Mafarauci na riƙe da shi don daji, makiyayi don garke, magidanci kuwa don gadi. Idan karya ta yi ta zuba 'ya'ya har ta rame, wasu kan kai ta asibitin dabbobi a cire mata mahaifa da ƙwan haihuwa. Aikin ba ya cin lokaci. Inda gizo ke saƙar shi ne kwana 10 zuwa 14 da ke biyo baya, kafin a warware ɗinki.

Wannan ba irin fiɗiyar namiji ba ce, domin cikin ake tsagawa. Idan ɗinkin ya ɓalle, hanji na iya leƙowa waje, kuma abin da ya fi ɓalle shi bakin karyar ne. Ana yawan cewa yawun kare magani ne, alhali lasa ce ke jiƙa raunin, haƙori kuma ya tsinke zaren. Inda ba a samu abin wuya na asibiti ba, ƙaramin bokitin roba da aka yanke gindinsa aka zura mata a wuya ya wadatar.

Sai ruwa da ƙuda. A ƙasar da ambaliya ke mamaye gonaki a watannin Agusta da Satumba, karyar da aka saki za ta kwanta cikin taɓo, ƙuda ya bi warin raunin ya yi ƙwai, tsutsa ta shiga. Saboda haka a tsare ta a inuwa, a busasshen wuri, bisa tsabtataccen buhu, ba wanka, ba guje-guje. A riƙa duba cikin safe da yamma.

Toka, baƙin mai da kashin shanu ba su da gurbi a kan wannan rauni. Haka magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke ɓata wa kare ƙoda da tumbi. Sai abin da likita ya rubuta.

Kasala da ƙin abinci a ranar farko ba abin tsoro ba ne. Amma idan aka ga jini na ɗiga, ko ruwa mai wari, ko kumburi na ƙaruwa, ko dasashinta ya yi fari, a mayar da ita wurin likita a ranar, ko da sai an biyo hanyar Haɗeja.