Ma'aikatan Ɓoye a Saiwar Wake

Idan damina ta yi nisa, ka je gonar wake ko gyaɗa mafi kusa da gidanku a Gyallesu, ka nemi izinin mai gona, ka tuge shuka ɗaya a hankali. Za ka ga ƙananan gudaji manne da saiwar. Ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ya yi ja-ja, to ma'aikata na bakin aiki.

Ma'aikatan nan bakteriya ne da ake kira rizobiya. Ba kowace bakteriya ce ke kawo cuta ba. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye. Rizobiya kan mayar da shi abincin shuka, ita kuma ta ba su sukari da masauki. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, shi ya fara ware su a 1888. Tun kafin nan kakanninmu ke haɗa gero da wake a gona ɗaya.

Sai dai ƙasarmu ba ta da sauƙi. Zafin bazara kan gasa saman ƙasa, ruwa kuma kan ɗauke a tsakiyar damina. Zafi da fari suna kashe rizobiya da yawa, gudajin su ragu, amfanin gona ya ja baya. Shi ya sa masana ke neman irin da ke jure wahala, su yawaita su, a gauraya da iri kafin shuka. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana yin irin wannan haɗin don waken suya, mai suna NoduMax. Shirin N2Africa, wanda aka fara a 2009, ya gwada wannan dabara tare da manoman Kaduna da Kano. A nan Samaru kuwa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ce ke fitar da wake SAMPEA da gyaɗa SAMNUT.

Ga manomin da kuɗin buhun yuriya ya fi ƙarfinsa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma halittu ne masu rai: a ajiye haɗin a inuwa, a gauraya a inuwa, a shuka ranar da aka gauraya. Kuma shukar na buƙatar takin fosfet duk da haka.

Ku kai shukar da kuka tuge wa malamin aikin gona, ku ƙirga gudajin tare a aji.