Kada a Kan Tebur: Masu Harhaɗa Ƙananan Jiragen Yaƙi

Farfelar saman Mi-24, jirgin yaƙin nan mai saukar ungulu da Tarayyar Sobiyet ta ƙera, faɗinta mita 17.3 ne. In aka raba wannan faɗi gida 72, abin da zai saura santimita 24 ne kacal, in kuma gida 48 aka raba, a sami santimita 36. A kan wannan lissafi sana'ar masu harhaɗa ƙananan jirage ta ginu. Komai na jirgin gaske, tun daga taya har kujerar matuƙi, sai an rage shi da ma'auni ɗaya, a rubuta a jikin kwali 1/72 ko 1/48. Abin da ake ƙerawa ba ya tashi, ba kuma na wasan yara ba ne. Ajiye shi ake yi a kalla, kuma burin mai shi duk wanda ya san jirgin gaske ya duba ya rasa abin kushewa.

Sana'ar ta fi kafuwa a Turai da Amurka da Japan. A Ingila akwai kamfanin Airfix, wanda Nicholas Kove, mutumin Hungari, ya kafa a 1939. A birnin Shizuoka na Japan akwai Tamiya, da ya faro da harkar katako kafin ya koma roba. Rashawa na da Zvezda, su kuma suka fi kowa sanin kan Mi-24, tun da jirgin gidansu ne. Masu harhaɗawar suna da ƙungiya, IPMS, da aka kafa a Birtaniya a 1963, kuma duk watan Nuwamba sukan yi babban baje koli da gasa a garin Telford. Galibinsu sha'awa ce ta ja su, amma akwai waɗanda ake ba kwangila, kamar tsohon matuƙin da yake son a yi masa jirgin da ya tuƙa da lambarsa a jiki, ko gidan tarihi mai neman abin nunawa. Duk wanda ya taɓa fere kara yana yaro don ya yi mota ya san wannan ƙaiƙayin hannu, illa dai su nasu kayan a kwali suke zuwa.

In ka buɗe kwalin, firam-firam ne na roba, kowane da ƙananan sassa manne a jikinsa, kowane sashe da lambarsa, sai takardar bayani da takardar tambura. Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramar filaya ta yanka, wuƙa mai bakin reza, matsefata, samfefa mai laushi, salatif na masu fenti da buroshi. Gam ɗinsu kuwa narkar da fuskar robar yake yi, sassan biyu su zama abu ɗaya. Shi ya sa in ya taɓa yatsa, yatsan ya taɓa jikin jirgi, zanen yatsan nan ya zauna ke nan sai an goge da samfefa.

Masu sana'ar da yawa sukan kauce wa jirgi mai saukar ungulu, su tsaya kan tankoki da jiragen fiffike, kuma suna da hujja. Shi wannan jirgi gilashi ya yi masa yawa, ba inda za a ɓoye ha'inci. Mi-24 na da kumburin gilashi biyu a gaba, maharbi a ƙasa, matuƙi a bayansa ta sama, ga kuma ɗaki a ciki mai ɗaukar sojoji takwas, da tagoginsa. Dole a gama fentin ciki duka, har bel ɗin kujera da allon agogunan matuƙi, kafin a haɗa ɓarin jikin biyu, don in an rufe an rufe ke nan. Sannan a zo kan gilashin. Mai aiki zai manna salatif a kai don kare shi daga fenti, ya bi gefen kowane firam na tagar da bakin wuƙa yana yankawa a hankali, numfashi a riƙe, don in wuƙar ta zame ta karci gilashin, gyara sai an sha wuya. Gam mai kama nan take ba ya zuwa kusa da nan, tururinsa kan bar farin hazo a cikin gilashi. Farin gam irin na kafintoci ake sawa, wanda in ya bushe yakan zama garau.

Akwai kuma abubuwan da takardar bayani ba kullum take faɗa ba. Jirgin roba mai taya uku yakan so ya zauna a kan jelarsa, don haka ake cusa ɗan guntun dalma a hancinsa tun kafin a rufe. Fikafikan farfela biyar na Mi-24 in jirgin na tsaye sukan sunkuya ƙasa saboda nauyinsu, na roba kuwa sau da yawa a miƙe suke zuwa sambal. Sai a tsoma su a ruwan zafi, a lanƙwasa kaɗan, a sa a ruwan sanyi, kuma dole biyar ɗin su zo daidai. Wani abin ma ya fi wannan ban sha'awa: injiniyoyin jirgin da gangan suka karkata farfelarsa da digiri 2.5 daga gangar jiki, don haka in ka tsaya a gabansa za ka ga kamar a karkace yake. Sabon shiga yakan ɗauka kuskuren kamfani ne ya nemi miƙe shi, gwani kuwa karkatar yake nema.

A wurin fenti ake gane hannu. Da farko shimfiɗa mai ruwan toka, wadda ke tona asirin duk wani gurbi da ya saura a mahaɗa. Sannan a tsinka fenti har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, a zuba a ƙaramar bindigar feshi, a riƙa bi sama-sama sau da yawa. Feshi ɗaya mai kauri ya isa ya binne layukan da ƙusoshin jikin jirgin. Wasu sukan ɗiga ɗan fari a cikin launin, don abu in ana hango shi daga nesa launinsa kan dusashe, shi kuwa ƙaramin jirgi a kan tebur tamkar babba ne da ake hange. Matuƙan Sobiyet sun yi wa Mi-24 laƙabi da kada, kuma wanda ya ga dabbare-dabbaren kore da ruwan ƙasa a jikinsa ba zai yi musu ba.

Tambura a ruwa ake jiƙa su, a zame su daga takarda zuwa jikin jirgi. Sai an fara fesa shimfiɗa mai sheƙi, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashi, tambarin ya riƙa ƙyallin azurfa. Wanda ke son yin Mi-35 na rundunar sojojin saman Najeriya, wato ɗan gidan su Mi-24 da ake sayar wa ƙasashen waje, zai iya shan wahalar neman tambarin kore-fari-kore, har ta kai shi ga bugawa da kansa ko zanawa da fenti.

Mataki na ƙarshe shi ne tsufantar da jirgin, kuma a nan nake ganin da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Ana tsinka fenti mai duhu ya kwarara cikin layuka, a shafa baƙin hayaƙi a bayan bututun injin inda jirgin gaske ke yin baƙi, a sa ƙura a tayoyi, a ɗan kankare fenti inda takalman matuƙa ke takawa. Jirgin da ya yi yaƙin Afganistan tsakanin 1979 da 1989 ya cancanci ƙura da koɗewar rana. Amma sai ka ga wani ya lafta tsatsa a jikin da yawancinsa alminiyam ne, ƙarfen da ba ya jan tsatsa. Mai lura hoton jirgi guda yake ajiyewa a gabansa, na wuri kaza a shekara kaza, ya sa dattin da ya gani a hoton kawai.

A wurin gasa ma ba tsufantarwar alƙalai ke fara dubawa ba. Sukan sunkuyo da 'yar tocila su haska bayan jirgin da cikinsa, su ga ko layin mahaɗa ya ɓace, ko tayoyi duka sun taka ƙasa, ko akwai ɗigon gam a gilashi. Jirgin da aka shafe watanni ana yi wa fenti yakan faɗi saboda taya ɗaya da ta ɗaga.