Mummunan Rauni a Gwiwa: Abin da Ya Kamata a Yi Cikin Awa 6 na Farko

A yankin Gafasa, Ajingi da Gaya, raunin gwiwa mai tsanani yakan biyo bayan haɗarin babur, faɗowa daga bishiya ko amalanke, ko karo a filin ƙwallo. Mafi haɗari shi ne gocewar gwiwa, inda ƙashin cinya da na ƙwauri suke rabuwa.

Dalilin haɗarin shi ne akwai babbar jijiyar jini da ta bi ta bayan gwiwa, wadda ke kai jini ga ƙwauri da tafin ƙafa. Idan ta tsage ko ta toshe, kuma aka wuce awa 6 zuwa 8 ba a gyara ta ba, naman ƙafar yakan mutu har a kai ga yanke ta. Sau da yawa gwiwar takan koma mazauninta da kanta, 'yan uwa su ɗauka targaɗe ne, alhali jijiyar ta riga ta lalace.

Alamomin da ke buƙatar asibiti nan take:
- Ƙafa ta yi sanyi ko launinta ya canza
- Yatsu sun yi jimi, ko ba a iya ɗaga tafin ƙafa
- Kumburi mai sauri da ciwon da ke ƙaruwa
- Gwiwa ta karkace, ko ƙashi ya leƙo waje

Taimakon farko:
1. A kwantar da majinyaci, kada ya taka ƙafar.
2. A danne wurin da ke zubar jini da tsaftataccen ƙyalle.
3. A tallafe ƙafar da katako ko kwali daga cinya zuwa idon sawu, a ɗaure ba tare da matsewa ba.
4. Kada a ja ƙafar, kada a murza, kada a zuba toka ko garin magani a rauni.
5. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin wataƙila a yi tiyata.

A garzaya Babban Asibitin Gaya, ko a kira 112. Likita zai duba bugun jini a ƙafa, ya yi hoto, ya ba da maganin ciwo, da allurar tetanus idan akwai buɗaɗɗen rauni. Idan da buƙata, a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Fara zuwa wurin mai ɗori yana cinye waɗannan awanni, matsattsen ɗauri kuma yana ƙara tare jini. A faɗa wa likita daidai lokacin da haɗarin ya auku, domin da shi zai auna sauran lokacin ceto ƙafar.