E-cadherin a Ciwon Dajin Bututun Matsarmama

E-cadherin wani furotin ne da ke manne ƙwayoyin halittar jiki da juna, kuma ba ya aiki sai da sinadarin kalsiyam. Ƙwayar gadon CDH1, wadda ke kan kuromosom na 16, ita ke samar da shi.

Ciwon dajin bututun matsarmama, wanda likitoci ke kira cholangiocarcinoma, yana tasowa ne a bututun da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa ƙaramin hanji. Ya fi yawa a arewa maso gabashin Tailan, saboda tsutsar hanta da ake ɗauka daga ɗanyen kifi. Idan E-cadherin ya ragu, sai ƙwayoyin cutar su saki juna, su kutsa naman da ke kewaye, har su kai ga kaluluwa.

Bayan tiyata, masu bincike kan rina ɗan yanki na ƙarin da aka cire domin auna yawan furotin ɗin. Waɗanda nasu ya yi ƙaranci, cutar ta fi saurin yaɗuwa a jikinsu, kuma ba su cika daɗewa ba. Sai dai wajen hasashen makomar majinyaci, likitoci sun fi dogara da matakin cutar da kuma ko an cire ƙarin baki ɗaya.